Ja wa fitilar bangon waje wuta: tambayoyin da masu gida suka fi yi

Duk shekara da zarar hadari ya fara haɗowa, kiran da ya fi zo mana mu masu wayarin shi ne na fitilar waje. Ta ƙofar gida ta mutu, ta tsakar gida tana kawowa tana ɗaukewa, ko kuma da an yi yayyafi bireka, wato na'urar da ke yanke wuta in an sami matsala, ta faɗi gida ya yi duhu. In na je na duba, da wuya in tarar laifin ƙwan ne. Laifin yana hanyar da aka bi da wayar, da ramin da ta fito ta cikinsa, da wurin da aka yi haɗi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi sha daga bakin masu gida, na amsa su yadda nake amsawa a wurin aiki.

Daga ina ya kamata a ɗauko wutar?

Daga layin fitilun gidan. A gidan da aka yi wa wayarin yadda ya dace, akwatin bireka, wanda muke kira DB, ya raba wutar kashi-kashi: layin fitilu daban, na soket daban, na na'urar sanyaya ɗaki daban. Layin fitilu yawanci yana kan bireka mai amfiya 6 ko 10 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bin waya ne), kuma ita ce daidai da siririyar wayar da za a ja.

Abin da ke rikita mutane shi ne sun ga makunni a jikin bangon daga ciki, sai su ɗauka an gama, huda kawai za a yi. A yawancin gidajenmu wayar wuta ce kaɗai ke sauka cikin akwatin makunni, wato layif, ita kuwa nutural, wadda wutar ke komawa ta cikinta, tana can sama wajen ƙwan ɗakin. Fitila ba ta kamawa sai da su biyun. Don haka sau da yawa sai an hau silin an ɗauko su daga fitilar ɗakin da ta fi kusa. Sharaɗi ɗaya: layif da nutural su fito daga layi guda. Kada a ɗauki layif daga layin fitilu a aro nutural daga soket. Fitilar za ta kama, amma ran da wani ya kashe birekar soket ya kwance nutural ɗin yana ganin babu wuta, ita ce za ta ja shi.

In soket ne ya fi kusa fa?

Ana yi, amma ba kai tsaye ba. Layin soket yana kan bireka mai amfiya 20 ko 32. In ka jona siririyar waya a kansa, wayar za ta iya yin zafi har robar ta narke birekar ba ta ko motsa ba. Sai an sa ƙaramin akwati mai fis a tsakani, a sa masa fis mai amfiya 3 ko 5, daga nan wayar ta wuce fitila. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a fere bakin waya a cusa a ramin soket a tokare da tsinken ashana.

Wane kauri na waya zan saya?

Mai lamba 1.5. Ita ce wayar fitila, 2.5 kuwa ta soket ce. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, ƙwan LED mai wat 10 kuma ba ya jan ko kashi ɗaya cikin ashirin na amfiya ɗaya. Ko guda goma ka jera a katanga ba su kai rabin amfiya ba. Nisa ma ba damuwa ba ne: waya mai 1.5 da ke ɗauke da amfiya ɗaya tsawon mita 50 tana zubar da kimanin bolt ɗaya da rabi ne kawai, alhali abin da ake yarda da shi a layin fitilu kashi 3 cikin ɗari ne, kusan bolt 7.

Jin haka sai wani ya ce to ai wayar rediyo ma ta isa, wannan 'yar tagwayen mai ja da baƙi. Ba ta isa ba. Ba don fitila kaɗai ake zaɓen kaurin waya ba, ana zaɓensa ne don ran da wayoyi biyu suka haɗu, ta iya jure wutar har bireka ta yanke. Kuma robar wayar rediyo ɓawo ɗaya ce, ba ta daɗewa a rana.

Lissafin yana canjawa in fitilun na bolt 12 ne da ake ja kai tsaye daga batir. Uku masu wat 10 suna jan amfiya biyu da rabi, a tsawon mita 30 za su rasa fiye da bolt 2 cikin 12 a hanya, su riƙa ci dishi-dishi. Nan sai a ƙara kauri ko a matso da batirin.

Yaya zan gane waya ta ƙwarai a kasuwa?

Ka sa a yanko maka ɗan guntu, ka fere, ka kankare ƙarfen da wuƙa. Jan ƙarfe na gaske ja ne ciki da waje. In ka kankare ka ga fari ya bayyana, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka kuma kara masa wutar ashana: siraran zaren alminiyon nan take suke lanƙwashewa su zube, jan ƙarfe kuwa ya yi ja ya tsaya. Nauyi ma yana faɗa, domin jan ƙarfe ya ninka alminiyon nauyi fiye da sau uku, ƙullin waya na gaske yana cika hannu. A jikin robar a duba sunan kamfani da lambar kauri a rubuce, da alamar ingancin da SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, ke bayarwa a jikin takardar ƙullin. Akwai kamfanonin cikin gida da suka daɗe suna yin waya, irin su Cutix ta Nnewi da Coleman da Nigerchin. Sunan da ya yi suna shi ake kwaikwaya, don haka ko ka ga sunan, kankarewar nan kada ka bar ta.

Alminiyon a waje ya fi muni, saboda laima tana cin bakinsa a wurin haɗi, ya yi fari kamar toka, haɗin ya saki ya fara zafi.

Dole ne sai an fasa bango? Gidan sabon fenti ne.

Ba dole ba ne, Alhaji. Hanya mafi tsafta ita ce wayar ta yi duk tafiyarta ta cikin gida, ta silin ko ta jikin bangon ciki, sannan a huda bango daidai bayan fitilar ta fito. Ta haka babu ko taƙi ɗaya na waya da rana ko ruwa zai gani. Kullum ita nake fara nema.

In ba ta yiwu ba, sai a bi ta waje cikin fayif na roba mai milimita 20, a kama shi da maɗauri duk bayan kamu biyu ko uku don kada ya yi ciki idan ya sha rana. Abin da ba a yi shi ne a buga farar waya tsirara a bango da kilif a tafi. Ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, tana busar da robar. Shekara biyu ko uku sai ka ga ta yi rawaya, ka lanƙwasa ta ta tsage kamar busasshen ganye. Damina ta zo ta tarar da ƙofa a buɗe.

Wanda ya zaɓi a binne a bango, a sassaƙa hanya a sa fayif sannan a yi filasta. Kada a binne waya haka nan cikin siminti, domin ran da ta lalace sai an sake fasa bangon, ta cikin fayif kuwa zare ta kawai za a yi a zura wata. Hanyar kuma ta tafi a miƙe, ko tsaye daga makunni zuwa sama ko a kwance, ban da karkace don a rage tsawon waya. Wanda zai buga ƙusa bayan shekara biyar yana kallon makunni ne ya ƙiyasta inda waya ta bi.

Ginin ƙasa ne gidanmu, rufin kwano. Akwai bambanci?

Akwai. Bangon ƙasa yana riƙe laima tun daga watan Yuli har bayan an ɗauke ruwa, ga gara, ga yaɓen da ake sabuntawa. Ni ba na binne komai a cikinsa. Fayif a fili, a ɗaure shi a kan 'yan katakai da aka kafa a bangon, a kuma nisanta shi da bakin indararo. A gaya wa masu yaɓe kada su rufe shi.

Kwano kuwa wuƙa ne. Duk inda waya za ta ratsa ta kusa da bakinsa, a sa ta cikin guntun fayif. Iska tana kaɗa waya a hankali, bakin kwanon yana yanka, wata rana ya kai ga ƙarfen, rufin gidan gaba ɗaya ya ɗauki wuta. A cikin silin ma kada a kwantar da waya ta manne da kwanon. Robar wayar gida an yi ta ne ta jure zafin digiri 70, kwano da tsakar rana kuwa ba ya taɓuwa da hannu. Ɓeraye ma suna son robar, wani dalilin ke nan na fayif.

Ta ina ruwa ke shiga, tunda fitilar a rufe take?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin nan ne aikin yake.

Ruwa yana bin waya kamar yadda yake bin igiyar guga. In waya ta sauko daga sama ta shiga fitila ta ka, duk ɗigon da ya sauka a kanta zai gangara har cikin mariƙin ƙwan. Saboda haka waya tana shiga fitila ne ta ƙasa ko ta baya. In daga sama ta taho, a wuce da ita ƙasa da fitilar kaɗan, a lanƙwasa ta ta koma sama ta shiga. Ruwan zai taru a gindin lanƙwasar ya ɗiga ƙasa, ba ya hawa tudu. Wannan 'yar lanƙwasa ba ta cin ko kwabo, amma ta fi kowace irin roba da za a liƙa aiki.

Na biyu, ramin da aka huda a bango. A huda shi da ɗan gangare, bakin waje ya fi na ciki ƙasa. In aka yi akasin haka, ruwan da iska ta watsa a bango zai bi ramin ya shigo ɗaki, ya sauka cikin akwatin makunni. Na sha buɗe makunni in tarar da sukurorinsa sun yi tsatsa, bango ya yi tabo kewaye da shi, maigida yana ta zargin rufi. A zura guntun fayif a ramin don kada kaifin bulo ya goge wayar, sannan a toshe bakin.

Na uku, tsakanin bayan fitila da bango. Filasta ba ta taɓa zama sumul, ruwan da ke gangarowa a bango yana samun hanya. A shafa silikon a sama da gefe biyu, a bar ƙasan. Mutane da yawa suna zagaye ta duka don su ga sun kyauta, sai ɗan ruwan da ya shiga, ko raɓar da ta taru a ciki, ya rasa mafita. Fitilu da yawa suna da ɗan rami a ƙasa da aka yi don haka. Kada a toshe shi, kada kuma a kafa fitilar a juye ramin ya koma sama. Zanzaro yana son ramin nan, yakan cika shi da laka, sai a riƙa dubawa.

Ruwanmu ba a tsaye yake sauka ba. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska, shi ya sa bangon gabas ya fi shan duka. Fitilar da ke wannan ɓangaren ita ce ta fi bukatar duk abin da na lissafa.

Mene ne IP44 da IP65 da ake rubutawa a kwali?

Ma'aunin yadda fitila ke hana ƙura da ruwa shiga ne. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP20 ta cikin ɗaki ce, ba ta da kariyar ruwa ko kaɗan. IP44 tana jure fantsamar ruwa ta kowane gefe, ta isa ƙarƙashin baranda ko cikin zaure. IP65 ƙura ba ta shiga, tana kuma jure feshin ruwa. A bangon da ke fili ita nake ba da shawara, don mu ba ruwa kaɗai ke damunmu ba, ga ƙurar hunturu da ke cika gilashi ta rage haske. Amma lambar tana aiki ne muddin robar bakin murfin tana nan, kuma an ɗaure mashigar wayar tam. In aka huda wa fitilar sabon rami da ƙusa mai zafi, lambar ta tashi.

Waya ta uku, ta at, dole ce? Ai fitila tana kamawa da biyu.

Tana kamawa. Waya ta ukun, wato at, koriyar nan mai zubar da wutar da ta kauce hanya cikin ƙasa, ba don fitila aka yi ta ba, don mutum ce.

In jikin fitilar ƙarfe ne, ran da layif ta goge ta taɓa shi, jikin gaba ɗaya ya zama wuta, fitilar kuma tana ci lafiya lau, babu alamar komai. In akwai at, wutar za ta bi ta can, na'urar kariya ta yanke. In babu, tana nan tana jiran hannu. A waje kuma mutum yana tsaye ne a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sau da yawa ba takalmi, ko ya fito daga alwala.

Wata damina an kira ni wani gida inda aka ɗaura fitila a kan ginshiƙin get na ƙarfe. An ja mata waya biyu, an bi da su ta bayan hinjin ƙofar. Buɗewa da rufewa suka cinye robar. Da safe bayan an kwana ana ruwa, wata yarinya mai tallar koko ta dafa get ɗin za ta yi sallama, wuta ta riƙe ta. Allah ya sa maƙwabci yana kusa, ya fizge fis ɗin mita. Ta rayu, da ƙuna a tafin hannu. Da na isa robar kokon tana nan kife a bakin ƙofa, na duba wayar, wurin da ya goge bai kai ƙwayar shinkafa ba. Tun daga ranar ban ƙara ɗaura fitilar ƙarfe ba tare da at ba, ko maigida ya ce shi ya ɗauki nauyi, domin ba shi kaɗai ke taɓa ƙofarsa ba.

A tabbatar kuma at ɗin ta gaske ce. Gidaje da yawa akwai koriyar waya a soket amma ba ta je ko'ina ba. Dole ta kai DB, daga can ta kai sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Fitilar da jikinta roba ne, ko mai alamar murabba'i biyu ɗaya cikin ɗaya, ba ta bukatar a ɗaura mata at. Duk da haka a ja wayar a rufe bakinta a ajiye a ciki, don wata rana za a canja fitilar da ta ƙarfe.

Ina da bireka, ba ta isa ta kare mutum ba?

Bireka waya take karewa. Mai amfiya 10 ba ta faɗuwa sai wuta ta wuce amfiya 10, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba yana iya tsayar da zuciyar mutum. Mai kare mutum ita ce RCD, wadda wasu ke kira ELCB. Tana auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural, in ta ga gibin miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya, ta san wuta ta bi wata hanya, ta yanke kafin ƙiftawar ido. A duba jikinta a ga an rubuta 30mA. Mai 100 ko 300 don gobara ce, ba ta tsare rai. Tana da maɓallin gwaji mai harafin T, a riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni ana da wuta. In ba ta faɗi ba, a canja ta.

Kalolin wayar sun ruɗa ni. Wacce ce wacce?

A tsohon tsarin Ingila da muka gada, wanda har yanzu ya cika kasuwanninmu, ja ce layif, baƙa nutural, koriya ko mai kore da rawaya at. Ingila ta sauya tun 2004 zuwa ruwan ƙasa a layif da shuɗiya a nutural, kayan da ake shigowa da su kuma haka suke zuwa. A Nijar tsarin Faransa ake bi: shuɗiya nutural, mai kore da rawaya at, layif kuwa tana iya zama ja ko ruwan ƙasa, har ma baƙa. Wanda ya koyi aiki a Katsina ya je Maraɗi, kada ya ga baƙar waya ya kama ta da gaba gaɗi. Ko a gida ma kala shaida ce kawai ta abin da ya kamata, a gwada da na'ura, don wani ya yi wayarin da abin da ya rage masa a buhu.

Na kashe makunni amma ƙwan yana ɗan haske. Me ya jawo?

Sau da yawa an sa makunnin a kan nutural ne maimakon layif. Fitilar ta mutu a ido, amma wuta tana nan har cikin mariƙin ƙwan, wanda ya hau tsani zai canja ƙwai yana cikin haɗari. A gyara a mayar da shi kan layif. Makunni mai ɗan haske a jikinsa ma yana jawo haka, wannan ba shi da illa. Shi makunnin ya fi kyau ya zauna cikin gida. In dole sai a waje, a sa mai murfi wanda aka yi don ruwa.

Fitilar a katanga nake so, nesa da ginin. A rataya wayar ta sama?

Na fi son ƙasa. A haƙa rami mai zurfin kamar ƙafa biyu, a shimfiɗa yashi, a kwantar da kebul mai sulke, wato mai zagayen ƙarfe a cikin rigarsa, a sake rufawa da yashi, a jera bulo ko jan tubali a kai, sannan a shimfiɗa ledar gargaɗi kafin a mayar da ƙasa. Wanda ya zo da diga zai dasa mangwaro, ledar da tubalin zai fara tararwa. Sulken kansa a haɗa shi da at. Waya ta gida cikin fayif ɗin roba a ƙarƙashin ƙasa ba ta da tabbas, domin fayif ɗin yana cika da ruwa a watan Agusta, diga kuma ba ta jin sa.

In ta sama ce kaɗai hanya, a ja igiyar ƙarfe tsakanin gini da katanga, a ɗaura kebul ɗin a jikinta don kada ya ɗauki nauyin kansa. Ya yi tsayin da motar yashi ko mai ɗauke da kara ba za su taɓa ba. Kuma a gaya wa mutan gida ba igiyar shanya ba ce.

Wayar ta gaza, zan iya ƙara wata in naɗe da salatif?

A waje, a'a. Zafi yana narkar da gam ɗin salatif, ya warware, ruwa ya shiga. Murɗaɗɗen haɗi kuma yana saki, ya yi zafi, ya yi baƙi. Mafi kyau waya ta tafi ɗaya tal daga ciki har fitila. In haɗin ya zama dole, a yi shi da kanekta mai sukuru, cikin akwatin haɗi mai murfi da roba, wayoyin su shiga ta ƙasansa, a kuma kafa shi inda hannu zai kai. Haɗin da aka binne cikin filasta ciwo ne da ba a ganin bakinsa.

An ɗauke wuta tun safe, ba sai in yi aikin yanzu ba?

Kada ka kuskura. Ba a sallama kafin a dawo da wuta. Ka kashe babbar bireka, ka cire fis ka sa a aljihunka. Sannan ka tuna gidan yanzu ba hanya ɗaya wuta ke shigo masa ba: akwai janareta, akwai inbata, kuma layin fitilu shi ne aka fi ɗorawa a kan inbata. Ka kashe ta, ka gaya wa yara kada wanda ya tayar da inji. Bayan duk wannan ka gwada wayar. Tastar sukundireba ba abin dogaro ba ce a cikin rana, haskenta ba ya ganuwa. Ka fara gwada na'urarka a inda ka san akwai wuta don ka tabbatar tana aiki. Tsani kuma na katako, a kan busasshiyar ƙasa, wani yana riƙe da shi, nesa da wayar da ta shigo gidan daga fal.

In wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu. A kashe wutar, ko a ture shi da busasshen itace, a kai shi asibiti ko ya ce ya warware.

Mai kunna kanta ta fi, ko mai makunni?

Mai idon rana tana kamawa da magariba ta mutu da asuba, ta dace da ƙofar gida. A kafa idon inda hasken fitilar kanta ba zai same shi ba, in ba haka ba ta riƙa kunnawa tana kashewa har gari ya waye. Yawancinsu waya uku gare su, suna bukatar nutural. Mai jin motsi ta fi dacewa da lungu da bayan gida, a tsayin mita biyu zuwa biyu da rabi, kada ta kalli titi ko turken awaki. Kowacce aka sa, a bar mata makunni a ciki don ranar gyara.

Ga mai mitar kati, ga lissafi: ƙwai mai wat 10 da ke ci awa 12 kullum yana shan yunit 3.6 a wata. Tsohon ƙwai mai wat 100 yana shan 36. Babbar fitilar halojin mai wat 500 kuwa yunit 180.

Ƙwari sun dame mu a bakin ƙofa.

Farin haske tas, mai lamba 6500K, ya fi jan su. Mai ɗan rawaya, 3000K ko ƙasa, bai kai shi ba. Kuma kada a kafa fitilar daidai saman ƙofa. A matsar da ita gefe, ta hasko ƙofar daga nesa, ran da shinge ya fito bayan ruwan farko ya taru can, kwaɗin da ke binsa ma su tsaya can.

Ba gara in sayi mai sola in huta ba?

Ga katanga mai nisa ko gidan da wuta ba ta zama, tana da amfani ƙwarai, babu waya babu haɗarin jan wuta. A kafa ta inda rana ke dukanta sosai, a riƙa goge farantin lokacin hunturu. Rauninta batir ne: zafi yana gajiyar da shi, a kwanakin marka kuma takan mutu kafin asuba. A zaɓi wadda ake iya buɗewa a canja mata batir.

Zan iya yi da kaina, ko sai na kira mai wayarin?

Sassaƙa bango, kafa fayif da haƙa rami, duk mai hannu zai iya, kuma zai rage kuɗin aiki. Haɗawa da DB, gwada at da sa RCD, a bar wa wanda ya iya. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, ba laifi ba ne ka ce a nuna maka. Mita da abin da ke gabanta ba naka ba ne kuma ba na mai wayarin ba ne, na kamfanin rarraba wuta ne, KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, NIGELEC a Nijar. Duk wanda ya ce zai ɗauko wa fitilar waje wuta ta bayan mita don kada ta ci kati, satar wuta ce, kuma wayar da ya ja babu birekar da ke tsaronta.

An gama aiki. Me zan duba kafin in biya?

Kafin a yi filasta, ka ɗauki hoton hanyar fayif ɗin da wayarka ka ajiye. Ka sa a buɗe fitilar a gabanka: ka ga koriyar waya a ɗaure a jikin ƙarfen, ka ja kowace waya a hankali ka ji ba ta zamewa, ka ga babu jan ƙarfe a fili a bakin sukuru. Ka duba ta ina wayar ta shiga, ka shafa ƙasan fitilar ka ji an bar shi a buɗe. A kashe makunni a gwada mariƙin ƙwan a ga babu wuta. A danna maɓallin RCD a ga fitilar ta mutu.

Sannan ran da aka yi ruwan farko mai iska, washegari ka kashe bireka, ka hau ka kwance murfin ka shafa cikin da yatsa. In ka ji laima ko ka ga ɗigo a gilashin, ka kira wanda ya yi aikin ya dawo a ranar, tun sukurorin ba su fara tsatsa ba.